Me ya haɗa GSK-3 da ciwon suga, kansa da cutar mantuwa?

Hauwa'u: Assalamu alaikum. Ina shirin jarrabawa, kuma wannan enzayim ɗin (furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jiki), GSK-3, ya hana ni sakat. Na gan shi a babin ciwon suga, na sake cin karo da shi a babin kansar hanji, yanzu kuma ga shi a babin cutar Alzheimer, wato cutar mantuwa. Tambayata ita ce: tunda yana da hannu a duka ukun, me ya hana a yi magani guda da zai danne shi kowa ya huta?

Malam Bashir: Wa alaikumus salam, 'yata. Aikinsa guda ne, yana liƙa fosfet a jikin wasu furotin, sai dai furotin ɗin suna da yawa ƙwarai. Ɗakin binciken Philip Cohen a Dundee ne ya gano shi a 1980. Abin da nake son ki riƙe shi ne, galibi a kunne yake, saƙo ne ke zuwa ya kashe shi. Idan kika ci abinci insulin ya tashi, wani enzayim mai suna Akt zai liƙa masa fosfet ya kwantar da shi, sai enzayim mai haɗa gilaikojin (sigar da jiki ke adana suga) ya samu sarari, tsoka da hanta su adana suga. Idan jiki ya daina jin insulin, GSK-3 ba ya kwanciya yadda ya kamata, suga ya yi ta yawo a jini.

Usman: Ƙanwata, a cutar kansa ne shawararki za ta gamu da cikas. A hanyar saƙon da ake kira Wnt, shi GSK-3 ne ke sa wa furotin beta-katenin alama a lalata ta, tare da wasu furotin biyu, APC da Axin. In ta taru, sai ta shiga cibiyar ƙwayar halitta ta kunna umarnin rarrabuwa. Mafi yawan kansar babban hanji daga lalacewar APC take farawa. To ki danne GSK-3 a duk jiki shekara da shekaru, kin cire wa mota birki ke nan. Amma fa a wasu kansar, irin ta fankiriyas (gaɓar da ke samar da insulin), bincike ya nuna ƙwayoyin cutar ma amfana suke da shi.

Hauwa'u: Yaya Usman, to maganin litiyam fa? An ce yana danne GSK-3, kuma masu larurar sauyin yanayin rai suna sha shekaru.

Malam Bashir: Gaskiya ne, masu bincike Klein da Melton sun nuna haka a 1996. Sai dai rage masa ƙarfi kawai yake yi, kuma yana taɓa wasu enzayim ɗin daban. Ana kuma auna litiyam ɗin a jini, ana duba ƙoda da gaɓar tairod da ke wuya. A ƙwaƙwalwa kuwa, GSK-3 na lafta wa furotin tau fosfet har ya saki zaruruwan da ke tallafe ƙwayar ƙwaƙwalwa daga ciki ya dunƙule. An gwada wani magani mai danne GSK-3, tideglusib, a kan masu Alzheimer, bai kawo sauƙin da za a nuna ba. Ni a ganina an makara ne, lokacin da aka ba su ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da yawa sun riga sun mutu. A jarrabawa dai ki zana hanyar insulin daban, ta Wnt daban.