Waɗanda aka yi wa aikin gyaran muƙamuƙi, yaya maganarku ta koma?

Malamin Islamiyya, Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Muƙamuƙina na ƙasa ya ɗara na sama, haƙoran gaba ba sa haɗuwa. Na daɗe da waya a haƙora, yanzu likita ya ce lokacin tiyata ya yi. Ni da baki nake cin abinci, ga karatun yara ga limanci jefi-jefi. Waɗanda aka yi wa, don Allah ku gaya min gaskiya, murya tana canzawa?

Maman Ilham, Malali:
Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya sa a yi a sa'a. Na ƙasa aka ja min baya. Makonnin farko kada ka sa ran magana. Fuska a kumbure suntum, ga roba an ɗaure haƙoran sama da na ƙasa, kunu da romo sai da sirinji nake zura su ta gefen baki. A waya nake rubuta abin da nake so in miƙa wa maigida. Abin da ya fi damuna leɓen ƙasa da haɓa, na daina jin su gaba ɗaya, yawu ya zubo ban sani ba. Akwai jijiyar da ta ratsa cikin ƙashin muƙamuƙin ƙasa, ita ke kai ji wurin, kuma aikin yana taɓa ta. Duk harafin da sai leɓɓa sun haɗu, b da ɓ da m har da f, ya zama aiki. "Baba" ma da ƙyar. Jin ya dawo a hankali cikin watanni, amma har yau akwai ɗan wuri a haɓata da bai farfaɗo ba.

Ɗan Rigasa:
Ni muryata ta dishe bayan aikin, na tsorata. Ashe bututun numfashi ne da suke sakawa ta hanci zuwa maƙogwaro lokacin da aka sa mutum barci. Bai daɗe ba ta washe.

Anti Nas:
Malam, a raba abu biyu. Murya daga maƙogwaro take fitowa, kuma ba a yanka shi a wannan aikin. Abin da ke sauyawa shi ne wurin da harshe ke motsi da yadda sauti ke amsawa a baki da hanci. Harshe ya shekara ashirin ko talatin ya san inda haƙora suke, rana ɗaya an matsar da su, dole ya yi lalube kamar wanda aka sauya wa jeren ɗaki cikin duhu. S, z, sh da ts suka fi shan wuya. Ƙashi kan kama cikin kusan mako 6, amma komai ya zauna daram yakan kai wata 9 zuwa shekara.

Alaramma ƙarami, Kawo:
Wannan shi ne. Ni da tsamin baki na tashi, sin da sad duk iska suke fita ta tsakanin haƙora. Bayan aikin abin ya ƙara lalacewa tukuna. Na koma gaban malamina muna bin makhraji, wato mafitar haruffa, harafi harafi, ina naɗar kaina a waya ina saurara. Yanzu sin ɗina ta fi ta da tsabta nesa ba kusa ba. Shawarata kada a sa aikin dab da azumi in kana jan tarawihi.

Baban Yusra, Barnawa:
Tamu ta bambanta. 'Yata da tsagewar ganda aka haife ta, aka ɗinke tana ƙarama. Da ta girma aka turo muƙamuƙin sama gaba, sai magana ta koma fita ta hanci, saboda gandar baya ta yi nisa da bangon maƙogwaro, ba ta rufe hanyar iska sosai. An gaya mana haka na iya faruwa tun kafin aikin. Tana ganin mai koyar da gyaran magana, ana kuma duba ko sai an ƙara wani ƙaramin aiki.

Malamin Islamiyya, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya ba Yusra lafiya. Alaramma, sai da ka yi wata nawa kafin ka koma jan sallah a bayyane?