Karanta wa jarirai da ƙananan yara littafi: yaya kuke yi a gidajenku?

Maman Ummi, Kaduna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. 'Yata tana da wata takwas, na fara buɗe mata littafin hotuna bayan la'asar. Surukata ta ce me jaririyar da ko "mama" ba ta iya ba za ta gane? Na san tun 2014 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a fara karanta wa yaro tun daga haihuwa, amma so nake in ji daga bakin waɗanda suka gwada a irin gidajenmu.

Maman 'yan biyu, Kano:
Wa alaikumus salam. Ki ci gaba 'yar uwa, sai dai ki sani a wannan shekarun baki littafin zai fara zuwa. Ki nemi mai shafukan kwali masu kauri, na takarda ba ya kwana. Ni ko rubutun ba na bi. In nuna akuya in yi kukanta, in nuna kofi in ce "ga irin naka". Hassan yana da shekara ɗaya da rabi ya hango akuyar maƙwabta ta leƙo zaure, ya ruga ya ɗauko littafin ya buɗe daidai shafin yana ta nuna mini. Hussaini kuwa ko kallo bai ishe shi ba sai da ya doshi shekara uku. Ciki ɗaya, hali daban, don haka kada ki auna Ummi da 'yar kowa.

Malama mai ajin raino, Zariya:
Daga makon farko nake gane yaron da ake buɗe wa littafi a gida. Ba wai ya san baƙaƙe ba. Yana riƙe littafin daidai, ba ya kifa shi, yana juya shafi ɗaya-ɗaya, kuma in na tsaya a tsakiyar labari shi zai ce "sai me ya faru?" Abin da ke damuna shi ne iyayen da ke zaunar da ɗan shekara biyu a kan A B C da tsawa har ya tsani ganin takarda. Hirar ce ke gina yaro. Ki tambaye shi "ina kaza?", ki yi shiru ki jira ya nuna, ki ɗora masa: "eh, kaza ce fara, tana tsattsagar gero." Ko littafin da Turanci yake, ki ba da labarin da Hausa. Yaron da ya cika da kalmomi a harshen gida ya fi samun sauƙin koyon karatu daga baya.

Baban Sadiku, Maraɗi:
Mu nan yawancin littattafan yara da Faransanci suke, ga tsada. Na samu labarai da Hausa kyauta a shafin intanet na African Storybook, na kai shago aka buga mini, aka rufe su da leda mai kauri don kada miyau ya jiƙa su. Da gangan ban bar su a waya ba, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce kada a ba ɗan ƙasa da shekara biyu kallon allon waya ko talabijin. Kuma maza, wannan ba aikin mata kaɗai ba ne. Bayan isha'i ni nake yi, uwarsa ta huta.

Hajiya Kaka, Katsina (jikata ce ke rubuta mini):
'Ya'yan nan, mu da tatsuniya muka raini iyayenku. "Ga ta nan, ga ta nanku", yara su amsa "ta zo mu ji ta", a shiga labarin Gizo da Ƙoƙi. Kada littafi ya sa ku yar da wannan.

Malama mai ajin raino, Zariya:
Gaskiyarki Hajiya, Allah ya ƙara girma. Yaran da suka sha tatsuniya sun fi kowa iya sauraro a ajina. Abin da littafi ya ƙara shi ne yaro ya ga cewa waɗannan zane-zanen da ke kan takarda magana ce. Matsalarmu, ko shirin Mu Karanta da aka yi a Bauchi da Sakkwato na 'yan firamare ne. Na jarirai da Hausa sai an sha nema.

Maman Abba, Gombe:
Ni nawa na haɗa da hannuna. Na yanka kwalin taliya, na manna hotunan babansa, kakarsa, buta da kyanwar gidanmu, na rubuta sunan kowa a ƙasa, na ɗinke gefen da zare. Kullum shi yake kawowa, in na kawo wani ya ture. Malama, in bar shi a kan guda ɗayan ko in matsa masa ya canza?

Malama mai ajin raino, Zariya:
Bar shi, maimaitawar ce ke zaunar masa da kalmomin. Ki dai riƙa tsayawa kafin sunan, ki bari shi ya faɗa.