Kansar huhu da asbestos: ta yaya za mu tabbatar aiki ne sila?

Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya yi shekara 17 a ɗakin tukunyar tururi na wata masaƙa a Kakuri, Kaduna, yana kankare tsohon asbestos (wani ma'adini mai zare-zare da ake naɗa wa bututu don tare zafi) daga bututu yana naɗa sabo, ba ko takunkumi. Fari fat yake dawowa gida. Ya bar aikin a 1998.

Bara tari ya kama shi, ga jini a majina, ga rama. Gwajin majina na GeneXpert bai nuna tibi ba, duk da haka ya sha maganin wata 6, ba sauƙi. Hoton CT ya nuna ƙari mai santimita 4 a ƙasan huhun dama, da tabo mai kauri a tantanin huhu gefe biyu, irin wanda asbestos ke bari. An ɗebi tsoka, kansa ce.

Inda muka cije ke nan: ya sha taba shekara 10, kuma gwajin tsoka ba ya raba kansar taba da ta asbestos, su biyun ma ƙara wa juna haɗari suke yi. Masaƙar ta rufe, fayil ɗinsa ya ɓata. Katin aiki kawai gare mu, sai abokan aikinsa biyu da suka rage. Dokar diyyar ma'aikata kuwa ta 2010 ce, bayan ya bari.

Don Allah, wace shaida kotun ma'aikata ke karɓa a irin wannan hali?