Yaya zan fassara kalmar mainstay da Hausa?

Assalamu alaikum malamai. Kwana biyu ke nan kalmar mainstay ta tsaya mini a wuya. Rubutun da nake fassarawa ya ce noma ne mainstay na tattalin arzikin ƙasa. Da na bi asalinta, ashe sunan igiya ce a jiragen ruwan da iska ke turawa, wadda ke riƙe babban sandan tsakiya kada ya faɗi. Na rubuta ginshiƙi, na goge, domin ginshiƙi daga ƙasa yake tallafe kaya, igiyar nan kuwa daga sama take riƙewa. Jigo ya fi dacewa, ko ƙashin baya? Kuma ana kiran mutum da ita, kamar uwar da ke riƙe da gida? Don Allah a taimaka mini, jibi zan miƙa aikin.