Kuɗin maganin yara: a ba iyali kai tsaye ko a bi ta ƙungiya?

Malamin Makaranta, Mabera

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na yi niyyar ware wani abu daga albashina duk wata domin maganin yaran da iyayensu ba su da hali, amma na rasa hanyar da ta fi dacewa. Kusan kullum sai an turo hoton yaro a WhatsApp ko Facebook tare da lambar asusun banki ana neman kuɗin tiyata, sannan ga manyan ƙungiyoyi irin su UNICEF da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF waɗanda ke karɓar gudummawa domin yaran ƙasashe matalauta, har da namu. Abin da zan iya bayarwa bai taka kara ya karya ba, shi ya sa nake so ya je inda zai yi amfani. Haka kuma ina son sanin ko ya halatta mutum ya bi da zakkarsa ta wannan hanya.

Ma'aikaciyar Jinya

Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya saka da alheri. Hotunan da kake gani yawanci na masu neman babbar tiyata ne, amma yaran da muka fi rasawa zazzaɓin cizon sauro ne da gudawa da ciwon huhu da tamowa ke ɗaukar su, kuma sau da yawa jinkirin kawo su asibiti ne sanadi. Za ka ga uwa ta goyo yaro daga ƙauye, idan an buɗe tafin hannunsa ya yi fari fat saboda ƙarancin jini, a rubuta gwaji da ledar jini, sai uban ya fita neman wanda zai sayi wayarsa, yaron kuwa yana kwance ana jira. Kuɗin da ke tsakaninsu da magani a wannan lokaci ba mai yawa ba ne.

Cutar noma, mai cin naman fuskar yara, ta ishe mu misali, tunda a nan Sakkwato aka buɗe asibitin yara na musamman dominta a 1999, kuma MSF tana aiki a cikinsa tun 2014. Cutar tana farawa ne da kumburin dasashi a jikin yaron da ba ya samun abinci mai gina jiki, galibi ɗan shekara 2 zuwa 6, cikin 'yan kwanaki ta cinye naman kumatu har ta kai ga ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a watan Disambar 2023, ta ce kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa magani ba suna rasuwa. Alhali idan an gano ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsaftace baki da abinci mai kyau kan tsayar da ita, wanda kuwa aka makara a kansa, idan ya rayu, sai an yi masa tiyata sau da dama. Shawarata ita ce ka fi karkata ga abin da zai sa a kai yaro asibiti da wuri, ko da kuɗin mota ne, domin ko inda magani kyauta ne, tafiyar ba kyauta ba ce.

Ɗan Kasuwa, Tsohuwar Kasuwa

Malam, ka yi hattara da lambobin asusun da ake yaɗawa. Mun taɓa haɗa kuɗi a layinmu saboda wani hoto, daga baya aka gano cewa tsohon hoto ne na wata ƙasa. Yanzu idan an kawo mana koke, mukan tura mutum ya ga yaron da idonsa, ya biya a wurin karɓar kuɗi na asibitin, ya kawo rasit. Ƙungiyar cikin gida kuwa, a duba rajistarta a hukumar CAC mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, a kuma nemi rahoton yadda ta kashe kuɗin bara. Ni dai manyan ƙungiyoyin nan ban saki jiki da su ba, ina ganin albashi da motoci na cin kaso mai yawa.

Jami'in Kiwon Lafiya

Alhaji, a nan ban yarda da kai ba gaba ɗaya, domin akwai aikin da sai da motocin da ma'aikatan yake yiwuwa. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 sau ɗaya a wata lokacin damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi a 2012, babu mutum ɗaya da zai iya ɗaukar nauyin rabonsa, kuma ga Najeriya da ke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Yaron da aka kare daga zazzaɓi ba ya fitowa a hoto, shi ya sa ba a cika tara masa kuɗi ba. Kuma abin da ake bayarwa kowane wata, ko kaɗan ne, ya fi sauƙin tsara aiki a kansa fiye da wanda ke zuwa lokacin azumi kawai.

Ɗalibin Ilimi

Game da zakka, aya ta 60 a Suratut Tauba ta iyakance masu cin ta zuwa kashi takwas, kuma mahaifin da talauci ya hana shi sayen maganin ɗansa yana cikin matalauta, don haka ana iya damƙa masa. Abin da ya shiga babban asusun ƙungiya kuwa ba ka da tabbacin hannun da zai faɗa, saboda haka ya fi aminci ka bayar da shi a matsayin sadaka, zakkar kuma ka kai wa Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha ko ka raba da kanka, bayan ka tuntuɓi malaminka. Ina kuma roƙon masu taimako su daina yaɗa hoton yaro ba tare da yardar iyayensa ba.

Malamin Makaranta, Mabera

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Zan raba abin biyu, rabi ga ƙungiya duk wata, rabi a asibiti. Hajiya, idan na je, wane ofishi zan nema domin a haɗa ni da waɗanda suka kasa biyan kuɗin gwaji da jini?