Neman shawara: ciwon daren farko bayan tiyatar haihuwa

Mai tambaya (ungozoma):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar likitocin sa barci da manyan sistoci na wannan zaure. A ƙaramin asibitin da nake aiki, matan da aka yi wa tiyatar haihuwa da allurar baya suna fitowa lafiya lau, har da hira, amma kafin tsakar dare ciwo ya murɗe su. Abin da ake rubutawa shi ne penta miligiram 30 "idan ta buƙata". Kuma ana kwantar da su rigingine ba matashi har awa 24, wai don kada kai ya yi ciwo. Me bincike ya nuna a kan wannan? Me za mu iya gyarawa da ɗan abin da ke hannunmu?

Likitan sa barci:
Wa alaikumus salam Sista. Matsalar tana cikin kalmomin nan uku, "idan ta buƙata". Allurar baya da bupivacaine tana saki ne bayan awa biyu zuwa uku. Idan babu wani magani a jikinta kafin lokacin, ciwon zai zo mata gaba ɗaya, sai a koma ana bin sa a guje. Penta kuwa awa uku zuwa huɗu take yi, kuma tana da iyaka: ƙara yawanta ba ya ƙara sauƙi sosai, sai dai jiri da amai da surutai.

A 2021 ƙungiyar PROSPECT, wadda ke tace binciken ciwon bayan tiyata aiki-aiki, ta fitar da shawararta kan tiyatar haihuwa. Ginshiƙin ba wani magani mai tsada ba ne. Farasitamol giram 1 kowace awa shida, bisa agogo, ko ta yi ƙorafi ko ba ta yi ba, kada a wuce giram 4 a awa 24. Idan nauyinta bai kai kilo 50 ba, a lissafa miligiram 15 kan kowane kilo. A haɗa shi da ɗaya daga dangin diklofenak. Mafi sauƙi shi ne diklofenak miligiram 100 na cusawa ta dubura a ƙarshen aiki, tana kan tebur, bayan an sanar da ita tun farko ta yarda. Jimillarsa kada ta wuce miligiram 150 a awa 24. Idan ta fara ci, a iya komawa ibuprofen miligiram 400 kowace awa shida zuwa takwas. Ɗaya ake zaɓa, ba a haɗa diklofenak da ibuprofen.

Dalilin da ya sa dangin diklofenak ke aiki sosai a nan shi ne ciwon iri biyu ne. Akwai na yanka a fata da tsoka, akwai kuma murɗawar mahaifa yayin da take komawa, wadda ke tashi duk sanda jariri ya kama nono. Wannan na biyun su ne gwanayensa.

Sun kuma ba da shawarar dexamethasone sau ɗaya ta jijiya bayan an ciro jariri, galibi miligiram 8. Yana rage ciwo da tashin zuciya, sai dai a lura da mai ciwon suga, yana ɗaga shi. Penta sai ta koma maganin ceto, ba ita ce tushen tsari ba.

Sista mai kula da ɗakin masu jego:
Likita ya faɗi magani, ni bari in yi maganar tambaya. Idan kika tsaya a kan mai jego kika ce "ya jiki?", amsar ɗaya ce: "da sauƙi, alhamdulillah." Musamman 'yar fari, ga surukarta zaune a gefen gado, kunya ba za ta bar ta ta ce uffan ba. Ki dubi hannunta, ya damƙe ƙarfen gado. Ki dubi numfashinta, gajere ne sama-sama, don dogo yana ja mata ɗinki. Jaririn na kuka a gefe ta kasa juyawa ta ɗauke shi.

Saboda haka a tambaya da lamba, daga 0 zuwa 10, ko a ce "babu, kaɗan, matsakaici, ko mai tsanani". Kuma sau biyu ake tambaya: tana kwance shiru, sannan idan ta yi tari ko ta juya. Na biyun ne ke gaya miki ko za ta iya tashi gobe. A rubuta lambar a takardar da ake rubuta bugun jini da zafin jiki. Daga 4 zuwa sama a yi wani abu, a dawo bayan minti 30 zuwa awa ɗaya a sake tambaya. Koya mata ta dafe ɗinkin da matashi kafin tari ma magani ne, kuma kyauta.

Ba wai jin daɗi kawai ake nema mata ba. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2008 kan mata sama da 1,200 ya nuna waɗanda suka sha tsananin ciwo bayan haihuwa sun ninka sauran sau biyu da rabi wajen ciwo mai daɗewa, sau uku wajen ciwon damuwa, a mako na takwas.

Mai harhaɗa magunguna:
Ina da gyara kan diklofenak, don na san yadda ake kwafe tsari a bango a bi shi ido rufe. Ba kowace mace ake ba shi ba. Wadda ta zubar da jini da yawa kuma ba a cike gurbinsa ba, wadda fitsarinta bai kai mil 30 a awa ba, mai hawan jinin ciki mai tsanani ko jijjiga da ƙwayoyin daskarar da jininta suka yi ƙasa, mai gyambon ciki, mai asmar da asfirin ke tayarwa: duk a dakata. Ƙoda tana dogara da sinadarin da wannan magani ke toshewa idan jini ya yi ƙaranci a jiki. Ki haɗa shi da jentamaisin a jikin da ruwa ya ƙare, kin ɗora wa ƙoda kaya biyu. Idan kuma tana kan magnesium sulphate, ƙodar ce hanyar fitarsa, in ta tsaya sai ya taru.

Sai tramol da kodin. A 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kada a ba mai shayarwa su. Hanta ce ke juya kodin ya zama mofin, kuma akwai mutanen da hantarsu ke yin haka da sauri fiye da kima, ba a gane su da ido. Abin ya bi nono, jariri ya yi ta barci, ya ƙi tsotso, numfashi ya ja baya. Tramol kuma yana sauƙaƙa farfaɗiya, don haka ba shi da wuri a jikin wadda ta yi jijjiga.

A kuma tambayi 'yan jinya abin da ke cikin jakarsu. Magungunan mura da na ciwon jiki da ake saya a kemis da yawa suna ɗauke da farasitamol, a nan ake wuce giram 4 ba a sani ba.

Mai tambaya (ungozoma):
Allah ya saka da alheri. To maganar kwanciya ba matashi fa? Kuma na ji ana cewa ana iya sa mofin a cikin allurar bayan.

Likitan sa barci:
Kwanciyar nan gado ce daga zamanin manyan allurai. An tattara gwaje-gwajen da aka yi a kai, ba a ga tana hana ciwon kai ba. Ciwon yana zuwa ne daga ruwan da ke yoyo ta hudar da allura ta bari a fatar da ta lulluɓe laka. Abin da ke rage shi yana hannun mai yin allurar: siririya, lamba 25 ko 27, mai baki kamar fensir irin su Whitacre ko Sprotte, wadda ke raba zare maimakon yanka shi, da kuma rage yawan soke-soke. Kwanciyar dole kuwa tana ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafa, tana hana shayarwa. Ta sa matashinta. Da ƙafafu sun dawo, ta iya ɗaga su miƙe, hawan jini daidai, a taimaka mata ta zauna, sannan ta taka da mai riƙe ta. Ruwa da abinci mara nauyi ma ba sai an jira gobe ba idan aikin bai zo da matsala ba.

Alamar ciwon kan allura ba ta ɓuya: yana zuwa cikin kwana biyar, galibi rana ta biyu ko ta uku, yana tsananta da ta zauna, ya lafa da ta kwanta. Mai sauƙi yana bin farasitamol da kofi da haƙuri. Wanda ya hana ta kula da jariri, maganinsa a ɗebi jininta mil 15 zuwa 20 a zuba a bayan don ya toshe hudar, kuma aikin likitan sa barci ne. Amma kada a ɗora wa allura kowane ciwon kai. Wanda bai damu da zama ko kwanciya ba, ga gani dishi-dishi, a auna hawan jini nan take. Jijjiga tana zuwa bayan haihuwa ma.

Mofin a allurar baya gaskiya ne, shi ne ma na farko a shawarar PROSPECT: maikrogiram 50 zuwa 100, wato kashi ɗaya cikin goma na miligiram ko rabinsa, yana riƙe ta kusan yini da kwana. Amma ni ba zan ce ku fara ba sai abu uku sun cika. Na farko, mofin ɗin ya zama marar sinadarin adanawa. Na biyu, a iya tsarma shi ba kuskure, don kwalbar miligiram 10 ta ninka abin da ake so sau ɗari. Na uku, akwai mai ƙirga numfashi kowace awa biyu har awa 12 ga mai lafiya, mai ƙiba sosai ko wadda ke kan magnesium kuwa kowace awa, a ci gaba da sa ido har awa 24. Numfashi ƙasa da 10 a minti tare da barcin da ba ta farkawa da kira: iskar oksijin, a kira likita, a tsarma naloxone miligiram 0.4 a mil 10 a riƙa ba da mil ɗaya-ɗaya. Inda nas ɗaya ke riƙe da gado talatin da dare, ku bar shi. Kuma ba a bin sa da penta, suna karo.

Madadinsa mai araha: likitan tiyata ya tsarga bupivacaine a gefen yanka kafin ya rufe. Iyaka miligiram 2 kan kowane kilo. Mai kilo 60, miligiram 120 ke nan, kuma mil ɗaya na mai ƙarfin kashi 0.25 miligiram 2.5 ne. A ja sirinji baya kafin kowace turawa. Idan ta ce bakinta ya mutu, tana jin ɗanɗanon ƙarfe ko ƙara a kunne, a tsaya.

Likitar mata:
Ƙari ɗaya, Sista, kuma shi ya fi tsaya mini a rai. Binciken ASOS da aka wallafa a 2018, a ƙasashen Afirka 25 har da Najeriya, kan majinyata 11,422, ya gano kashi 94 cikin ɗari na mace-macen sun faru ne bayan ranar tiyata, wato a ɗakin jinya. Ɓangarensa na tiyatar haihuwa ya nuna mutuwar uwa kusan 5 cikin 1,000, ninki 50 na ƙasashe masu arziki, kuma zubar jini na gaba-gaba.

Ciwon yanka yana sauka ne kullum. Wanda ke hawa duk da magani a kan lokaci, ba ƙarin allura yake nema ba tukuna. A ɗaga zane a duba. Bugun jini sama da 110, tafin hannu da cikin ido sun yi fari, ciki na kumbura, ciwo a kan kafaɗa, robar fitsari ba ta tara komai: jini ne a ciki har sai an tabbatar ba shi ba ne. Kada a jira hawan jini ya faɗi, matashiya tana riƙe shi har ta kusa ƙarewa. Ki raba bugun jini da lambar sama ta hawan jini. Idan ya kai 0.9 ko ya wuce, ki tashi likita ko ƙarfe nawa ne, ki sa babbar allurar ƙarin ruwa ta biyu, ki aika a haɗa jini.