Mu da ke jihohin da ake fafatawa a Amurka, me muka gani a zaɓen 2024?

Mai buɗe zance, daga Philadelphia:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mutanen gida suna yawan tambayata me ya sa 'yan takara ke tarewa a jihohi bakwai kamar sauran ba sa zaɓe. Dalilin kujerun wakilan zaɓe ne, wato wakilan jihohi da ke zaɓen shugaban ƙasa. Guda 538 ne, wanda ya samu 270 ya ci, kuma a kusan kowace jiha mai rinjaye ke kwashe nata duka. Sauran jihohin galibi an san inda suka karkata, waɗannan bakwai ɗin ne ba a da tabbas. Jiharmu Pennsylvania kaɗai tana da 19. A unguwarmu, lokacin zaɓen, akwatin wasiƙa cika yake da takardun kamfe, waya kuma ba ta hutawa. Kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani.

Hajiya, daga wajen Detroit:
Wa alaikumus salam Malam. Mu a Michigan maganar Gaza ce ta cinye komai. Tun zaɓen fidda gwani na Fabrairu mutum fiye da 100,000 suka ƙi zaɓar Biden, suka jefa ƙuri'ar "ban tsayar da kowa ba". Wannan ai gargaɗi ne a fili, a jihar da Trump ya ci da ratar ƙuri'a 10,704 kacal a 2016. Amma a babban taron Democrat na Chicago ba a bai wa Bafalasɗine ko ɗaya damar magana a dandamali ba. Trump kuwa ya taka har Dearborn, garin da Larabawa ke da yawa, ana saura kwanaki kaɗan zaɓe, magajin garin Hamtramck na lokacin, Amer Ghalib, ya mara masa baya, a ƙarshe Trump ɗin ne ya zo na ɗaya a Dearborn. Wata yarinya 'yar kamfe ta ƙwanƙwasa mana ƙofa da takarda a hannu, na ce mata yaƙin Gaza fa? Sai ta duba takardar, ta koma maganar inshorar lafiya. Ba laifinta ba ne, abin da aka rubuta mata ke nan. Maƙwabciyata Balarabiya ranar zaɓe ko fita ba ta yi ba, kuma abin yana ci mini rai har yau.

Wani ɗan'uwa mai tuƙi a Las Vegas:
Gaskiya ne Hajiya. Mu a Nevada magana ɗaya ce ta shiga kunnen ma'aikatan otal: cire haraji daga tukwici. Trump ya faɗe ta a nan a watan Yuni, Kamala Harris, 'yar takarar Democrat da ta maye gurbin Biden, ta biyo baya a Agusta. Masu aikin ɗakuna da nake ɗauka da asuba hirarsu ke nan, sai kuɗin haya da farashin ƙwai.

Ƙanwarku, daga Atlanta:
Yaya, mu darasin 2020 ne ke yawo a kan kowa, lokacin da Biden ya ci jiharmu Georgia da ratar ƙuri'a 11,779. Shi ya sa aikin ya koma rajista da jefa ƙuri'a da wuri, kafin ranar zaɓe. Bayan sallar Juma'a akan kafa tebur a ƙofar masallaci, ranar Lahadi kuma coci-coci na kwashe mutane a bas zuwa rumfar zaɓe. Na taya wasu tsofaffi cika takardu. Duk da haka jihar ta koma hannun Trump, don samarin da na sani da yawa sun ce tsadar rayuwa ta ishe su.

Mai buɗe zance:
Allah ya saka da alheri. Muna jiran 'yan Wisconsin da Arizona da North Carolina, musamman wanda ya yi aikin bi gida-gida.